Daga Jeren Amarya Zuwa Akwatin Gilashi

 Yau gidajen tarihi za mu leƙa, mu ga yadda ake jera kayan al'ummomi, da inda ake ɗora su, da irin hasken da ake ba su. Ku gyara zama.

A Musawa da ƙauyukanta, kafin a kai amarya sai 'yan jere sun wuni a ɗakin suna ɗorawa suna saukewa: manya a ƙasa, ƙanana a sama, mai ƙyalli daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Wannan aikin ne masu tsara zauren nuni ke shiga jami'a su koya. Gwaggo ba ta da takardar shaida, amma ido gare ta!

Jeren kansa tarihi ne hawa-hawa. Kakanni sun jera ƙorai da akusa, iyaye suka koma tasoshi da fanteka mai fure, 'ya'ya suka cika kabad da tangaran da kuloli. Zamani uku a bango ɗaya, kuma ba kuɗin shiga.

Su ma masu tsara Gidan Makama a Kano sun san darajar wannan, domin cikin sassansa 11 sun ware wa ɗakin amaryar Bahaushe nasa wurin, da gado da jere. Komai ya ji, guɗa kawai ta rage.

Gidan Makaman nan ginin ƙasa ne da ake dangantawa da ƙarni na 15, don haka ba a zana masa hanyar baƙi a takarda ba: daga zaure sai soro, daga soro sai tsakar gida, yadda magina suka bar shi. Ba ka ankara ba ka ga ka sunkuya a ƙofa, ka rage murya. Gidan manya, ko ba kowa, sai da ladabi.

A bakin ƙofarsa an ajiye manyan tukwanen da aka tono a Ƙofar Kabuga, kusa da igwa biyu na zamanin Turawa. Tun ba ka yi sallama ba an nuna maka abin girki da abin yaƙi. Zaɓi ya rage naka!

A birnin Katsina kuwa, tsohuwar kwalejin horon malamai da aka buɗe a 1922 ita ta koma gidan tarihi, da katangunta na ƙasa masu kauri. Ajin da ɗalibai suka zauna jiya, yau tukwane da takubba ne ke zaune a ciki. Waɗannan ɗaliban dai ba sa surutu.

Kaurin katangar nan ba ado ba ne. Tubali da yaɓe suna riƙe sanyin dare su sake shi da rana, abin da gidajen tarihin Turai ke kashe maƙudan kuɗin lantarki su samu. Ladan magini kawai take nema: yaɓe kafin damina, da duba indararo.

Babban abokin gabar kayan tarihi a ƙasarmu shi ne sauyin iska. Da hunturu danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta ya haura kashi 70, alhali itace da fata sun fi son a tsaya musu wajen kashi 50. Ƙwarya ta kumbura ta motse, ta kumbura ta motse, wata rana ka ji ƙas!

Shi ya sa a wasu akwatunan gilashi ake ɓoye ƙwayoyin nan masu shan danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a wani aljihu a ƙarƙashin kayan. Baƙo bai gan su ba, amma su ke gadi dare da rana. Ma'aikata ba albashi.

In ka shiga ɗakin tufafi ka tarar da duhu-duhu, kar ka ce an ɗauke wuta. Ƙa'idar masana ita ce kada hasken da ke sauka a kan yadi ya wuce luks 50, alhali ranar tsaka a fili tana kai 100,000, kuma launin da haske ya cinye ba ya dawowa. Duk matar da ke shanya atamfa a inuwa ta riga su sani.

Babbar riga ita ce ciwon kan mai tsara nuni. In ya zura mata sanda ya baje ta a bango, aska takwas da duk aikin allurar za su fito fes, amma faɗinta zai cinye fiye da mita 2, kuma ba wanda ya taɓa ganin dattijo yana tafiya haka. In ya sa wa mutum-mutumi ya naɗe hannuwan a kafaɗa yadda ake sawa, rabin aikin ya ɓuya, nauyin kuma yana jan zaren. Wasu sai su baje rigar, su kafa hoton mai sanye da ita a gefe. Riga dai da mai ita take tafiya.

Baƙin rawani ɗan Kura, wanda aka buga da shuni har yana walƙiya, yana barin shuɗi a duk hannun da ya taɓa shi. Allon "kada a taɓa" bai zama dole ba a nan. Mai laifi da shaidarsa zai fita.

Gara da asu ba su san darajar tarihi ba, abinci kawai suke gani. Don haka sabon kaya in ya iso, sai a ɗaure shi a leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko fiye, kafin ya haɗu da sauran. Baƙo sai ya sha sanyi kafin a ba shi masauki!

Inda lantarki bai da tabbas, akwai dabarar naɗe kaya a baƙar leda a ajiye a rana, zafin ciki ya haura digiri 55 ya kashe ƙwari da ƙwayayensu. Wannan kam Musawa ba za ta yi sayen makamashi ba. Watan Afrilu ya ishe mu.

Ba kowane katako ko fenti ko yadi ake shimfiɗawa a akwatin nuni ba, don wasu na fitar da tururin da ke cin ƙarfe. Gwajin shi ne a rufe ɗan yankin abin a kwalba tare da azurfa da jan ƙarfe da dalma, a zafin digiri 60 har kwana 28, a ga ko za su dushe. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A da can, masu adana kaya a Turai da Amurka guba suke barbaɗa wa gashin tsuntsu da fata da tufafi don korar ƙwari, kuma har yau tana jikin kayan. Safar hannun da ka ga ma'aikaci ya sa, wani lokacin kansa yake karewa. Maganin jiya, ciwon yau.

Amma wajen tsohuwar takarda, ƙwararru sun fi son hannu tsirara, wankakke, busasshe, don safa na rage jin yatsa har ta yaga gefen shafi. Almajirin da ya saba zaro warƙa daga gafaka zai ce ai dama.

Rubutaccen Alƙur'ani na ƙasar Hausa warƙa-warƙa yake, ba a ɗinke ba, don haka shafi ɗaya ko biyu ake buɗewa a nuni, bayan 'yan watanni a sauya don haske kar ya dame su. Mai son ganin duk zayyanar sai ya yi ta dawowa. Ziyara ma ibada ce.

Allo kuwa an yi shi ne don a rubuta, a haddace, a wanke. Wanda ke cikin gilashi ya tsaya a darasi ɗaya shekara da shekaru, ba ƙari ba wanki. Malam na nan yana jiran a kawo hadda!

Mu leƙa gona. Garma da sungumi da magirbi da lauje in aka kwantar da su reras a kan farin allo, ƙarafa ne kawai da ƙota. In aka jera su bisa tafiyar shekara, daga sharar gona zuwa shuka, noman farko, maimai, girbi da ɗaurin dami, sai yaron birni ya gane abin da ya kawo tuwo gabansa. Ni a ganina duk zauren noman da bai bi damina ba ya ɓata hanya. Ƙotar da hannu ya goge har tana sheƙi, a bar ta haka, kar a shafa mata fenti.

Rumbun ƙasa ba ya ɗaukuwa, don haka mai son nuna shi dole ya kira magini ya gina sabo a harabar gidan, bisa duwatsu yadda gara da danshi ba za su hau ba, da hular ciyawa a ka. A yanke gefe ɗaya a sa gilashi, baƙo ya ga yadda ake jera damman gero da dawa. Ɓera zai so wannan tsarin ƙwarai.

Ƙasar Funtua da Malumfashi ƙasar auduga ce, kuma labarin auduga a jere yake tun asali: magurji ya raba ta da angurya, bakan shiɓa ya buɗe ta, mazari ya murza ta ta zama zare, masaƙa ta mai da shi fari. Mazarin nan bai kai tsawon alƙalami biyu ba, amma shi ya tufatar da garuruwa. A ba shi akwatinsa shi kaɗai, ya cancanta.

Masaƙar maza kuma ƙarama ce, sai dai zarenta na tsaye kan miƙe mita da yawa zuwa kunkurun da aka ɗora wa dutse. Mai tsara ɗaki ya auna wurin zaman masaƙi ya manta da wannan, sai ya ga zare ya fita ta ƙofa. Saƙa ba ta son ƙunci.

Kayan kiɗa su suka fi ban tausayi a gilashi. Gangar noma da ta saba tayar da gayya, kalangu da ya saba kiran suna, ga su nan shiru, shi ya sa gidajen zamani ke maƙala abin saurare a kunne kusa da su. Danna nan, kafaɗa ta motsa!

Kakaki, da duk tsawonsa, gaɓa-gaɓa ne, ana zare shi a harhaɗa. A sito wuri kaɗan yake ci, a zauren nuni sai an ba shi bango guda. Sarauta ko a kwance sai da fili.

Lifidin doki, wanda ake cusa wa audugar rimi, ba ya nuna kansa a ninke, don haka sai an ƙera masa dokin itace ko na waya daidai girman na gaske. Dokin da ba ya cin harawa, ba ya harbi. Kowane bargaje zai so irinsa.

Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ya fito, kuma guda 20,000 ake ƙirgawa a keso ɗaya. Guda biyar a faranti ba sa nuna wahalar. A tara keso guda a ƙasa a ce wa baƙo ya gwada ɗagawa. Nan zai gode wa mai aika kuɗi ta waya.

A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, an haƙa kaburburan sarakunan da a 1907 da kuma 1992, aka samu kwanonin tagulla daga ƙasashen gabas, da wuri, da duwatsun ado, da kayan zinariya, har aka kai su Jamus aka tsabtace. Wanda zai jera su dole ya kafa taswira a gefe, don kowane ɗaya da hanyar da ya biyo. Katsina ta daɗe da sanin fatake.

Akwai mutum-mutumin yumɓu da ke yawo a gidajen tarihi da kasuwannin Turai da sunan "Katsina" kawai a jikin takardarsu, domin masu haƙar dare ne suka tono su, ba wanda ya rubuta gari ko zurfin rami. Abu ya fita da kyansa, ya bar labarinsa a ƙasa. Wannan asara ce da kuɗi ba sa mayarwa.

Shahararren kan yumɓun nan na al'adar Nok da ya fito daga wajen Jema'a, kafin ya isa hannun masana a 1943, a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye. Ya haura shekara 2,000, yau ga shi cikin gilashi da fitila a kansa. Daga gadin gona zuwa gadon sarauta!

A Jos, inda aka buɗe gidan tarihi a 1952, an ware fili aka gina kwafin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da wani sashe na fadar Katsina, da girmansu na gaske. Sai dai ruwan Jos ya fi na Katsina yawa, ginin ƙasa kuma ba ya wasa da ruwa. Baƙo ne, dole a riƙa duba lafiyarsa.

Rijiyar Kusugu a Daura ba ta zo gidan tarihi ba, gidan ne ya zo ya same ta, aka gina ɗaki a kanta. Ga guga nan, baƙo ya ja ya sha. Ina kuka taɓa ganin kayan tarihin da ake kurɓa?

A Argungu, fadar da aka gina a 1831 ta zauna gidan sarki har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958, kuma kaburburan sarakunan Kabi na cikin harabar. Mai tsara nuni a nan da masu gida yake aiki. A shiga da sallama.

A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Irin wannan ba a neman masa akwati, ɗaki aka gina masa a Damaturu. Ya nemi ruwa, ya samu jirgi.

Gidan tarihin Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa komai a fili ɗaya: rumfunan nuni masu zanen ginin Hausa, bukkokin ƙabilu, ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare, gidan namun daji, da maƙera da dukawa suna aiki kana kallo kana saye. Ka shiga ganin tarihi, ka fito da takalmi.

A can ne kuma aka ajiye gawar bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a hamada ba wata kusa da ita, sai da wata babbar mota ta buge ta a 1973. An yi mata rumfarta, a gurbinta kuma aka kafa ta ƙarfe. Duk faɗin Sahara, direba bai ga inda zai bi ba sai nan!

A 1924, a babban baje kolin Wembley na Landan, an gina wa Afirka ta Yamma gari mai ganuwa irin ta Kano, aka kawo masu sana'a suna aiki a ciki jama'a na kallo. Masaƙi na jefa ƙoshiya, sanyi na kaɗa shi. Ko an tanadar masa kunu, oho.

Wanda ba na dariya ba shi ne na Beljiyam a 1897, inda aka kawo mutanen Kwango 267 aka zaunar da su a ƙauyukan nuni a Tervuren, 7 daga cikinsu suka rasu a can. Gidan tarihin wurin ya rufe shekara 5 yana gyaran tsari, ya sake buɗewa a 2018 da wannan labarin a fili. Ɗan Adam ba kayan jere ba ne.

Duba tsofaffin takardun bayani a Turai: sunan Baturen da ya sayi tabarmar na nan, da shekarar, da jirgin wani lokaci, amma matar da ta saƙa ta ba suna. Masu tsara na yanzu sun fara bin sawu suna tambaya. Mai aiki a faɗi sunanta, ko da an makara.

Wani gidan tarihi a Oxford, wanda aka kafa a 1884, bai raba kaya ƙasa-ƙasa ba, aiki-aiki ya raba su: duk fitilun duniya a akwati ɗaya, duk makullai a wani, duk sarewa a wani. Ma'aunin mai gishirin Kano na iya maƙwabtaka da na Sin. Zumunci ba biza.

Rabon tarihi zuwa zamanin dutse da na tagulla da na ƙarfe, wanda yara ke haddacewa a makaranta, daga jeren kanta ya samo asali: wani ma'aji a Kwapanhagan ne ya rasa yadda zai tsara tarin kayansa, ya kasa su uku, aka buga tsarin a 1836. Gyaran ɗaki ya zama darasi.

A Faris, gidan kayan al'adun duniya da aka buɗe a 2006 ya lulluɓe bangonsa na waje da tsirrai masu rai, ya tara dubban kayan kiɗa a hasumiyar gilashi, ya kuma rage hasken ciki sosai. Wasu suka yaba, wasu suka ce ai Afirka ba a duhu take ba. Mu da rana ke gasawa muna da ta cewa.

Allunan tagulla na birnin Benin da sojan Ingila suka kwashe a 1897 suna da hujin ƙusa a jikinsu, don a ginshiƙan fada aka kafa su tun asali. A Landan sai aka rataye su a sandunan ƙarfe tsaye don a tuna da ginshiƙan. Masu fadar kuwa na cewa ginshiƙi na nan a gida.

Babban gidan tarihin nan na Landan na riƙe da kaya wajen miliyan 8, amma abin da ke fili bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sauran na sito, kowanne da lambarsa a jiki. In lamba ta goge, kaya ya zama maraya.

A wasu gidajen tarihin New Zealand akan tanadi ruwa a bakin ƙofa don wanda ya fito daga ɗakin kaya masu alfarma ya yayyafa wa hannunsa, bisa al'adar mutanen Maori. Mai tsara gini ya tambayi masu kaya kafin ya ja layi. Buta a ƙofa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Tun 1916 wani ma'aikacin gidan tarihi a Boston ya ɗauki hotunan mutum yana durƙuso, yana ɗage, yana leƙe don karanta bayanai, ya nuna cewa tsarin ne ke gajiyar da baƙi. Daga nan aka fara ɗaga kaya daidai ido, wajen mita ɗaya da rabi, ana sa benci. Ɗan firamare kuma a sa masa ɗan matakala, shi ma da idonsa ya zo.

Bincike a Amurka ya nuna akasarin baƙi in sun shiga zaure dama suke juyawa, kuma tsayuwarsu gaban abu ɗaya ba ta cika sakan 30 ba. Don haka bayani ya zama gajere, da Hausa, boko da ajami, yadda Malam da jikansa za su karanta tare. Doguwar wasiƙa a bar wa masoya.

Abin da gilashi ya kasa riƙewa shi ne ƙamshi, shi ya sa wasu gidajen ke ajiye 'yan akwatuna masu huji a shinshina. A namu sai a zuba kanumfari da citta da masoro da kimba, kowanne da murfinsa. Daddawa kuma a kai ta can ƙarshen baranda, za ta kira baƙinta da kanta!